Cocin da Na Yi wa Wurin Liman

Ku 'yan bulo, ku matso kusa, ku bar wannan ƙus-ƙus ɗin. Kunnena bai mutu ba, na ji abin da dogon nan ya ce, wai ginin ƙasa ai wasan taɓo ne, ko tsohuwa mai yaɓen murhu za ta iya. To madalla. Ku da ake sauke muku bulo daga mota, duk girmansu ɗaya, ku jera, ku watsa siminti, in bango ya karkace ku ce laifin mai buga bulo ne. Ni Audu Magini, mutumin Durun, shekara goma sha ɗaya na yi a hannun maigidana Baba Ilu kafin ya bar ni in tayar da bangon da ɗan Adam zai kwana a gindinsa. Ukun farko ban san komai ba sai taka ƙasa. A haƙo ta, a jiƙa, a zuba ciyawa da kashin doki, ka shiga da ƙafa ka yi ta kirɓawa har dugaduganka su tsattsage. A bar ta ta kwana uku ta ruɓa, a sake jiƙawa, ka sake shiga. Sannan a cura tubali da hannu, ɗaya bayan ɗaya, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana.

Kayan aikinmu ba sa cika kwando: diga, gatarin sassaƙar azara, igiya, tsani. Saura hannu ne da ido. Ba mu da tef, da kamu da taki muke awo. Wannan 'yar kwalbar mai kumfa da kuke ɗorawa a kan bango kuna leƙawa, da Baba Ilu ya gan ta cewa zai yi ta makafi ce. Shi ja da baya yake yi taki goma, ya rufe ido ɗaya, in bangonka ya karkace ko da faɗin yatsa ne, ba ya ɓata bakinsa, tura shi yake yi ya ce ka sake.

Aikin farko da na karɓa da sunana wani zaure ne a Mainika, na wani mai shanu da ya gaji da bukka yana son a ce masa mutumin gari. Na tayar, na rufa, saura in shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. Sai ruwa ya sauko kafin lokacinsa, kwana biyu bai ɗauke ba. Rana ta uku bangon arewa ya zauna, zaure ya wage baki, bunsurun mai gida ya hau tulin ƙasar yana kallon jama'a ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya ji ciwo sai sunana. Daga ranar aka laƙaba mini Audu Mai Ginin Rani. Wannan shekarar ban ga soro ba sai daga nesa. Rumbu, akurkin kaji, bangon makewayi, da su na ci abinci.

To ku ji ƙa'idar sana'armu a wancan zamani, don ita ce labarin. In ruwa ya kayar maka da gini sau ɗaya, mutane za su yi maka dariya, amma za su ce ruwan Allah ne. In kuwa basarake ya sa aka kawo diga aka sare maka gini don ka yi ba daidai ba, to ka gama. Daga Gwarzo har Kabo ba mai sake ba ka ko dakali. Na san mutum biyu da aka yi wa haka, ɗaya ya koma dako a tasha, ɗaya ya bar ƙasar ba sallama.

Ina kan wani rumbu ina yaɓe, ana gab da kaka, sai ga Akawu Yohanna a kan keke. Lokacin gyaɗa ke da ƙasar nan, kowane gari da sikelinsa, shi kuma akawun sikeli ne a wani gari tsakanin Gwarzo da Kabo. Ba zan faɗi sunan garin ba, jikokin mutanen suna nan da ransu. Mutumin Numan ne, dogo, ba ya rabuwa da fensir a bayan kunne. Gyaɗa ce ta kawo su nan, shi da 'yan ƙasarsu: direban lori, malamin asibiti, tela, da iyalansu. Kirista ne, amma sun ce ɗariƙarsu daban, Lutaran suke kiranta. Shekara huɗu suna taruwa ran Lahadi a rumfar buhuna, suna waƙa suna atishawa, kafin dagacin garin ya ba su fili a bayan sito, can gefe.

"Sannu da aiki, Magini."

"Yauwa, sannu Akawu. Ina gajiya? Ya iyali? Ya sikeli?"

"Lafiya lau. Sauko mana, magana ce ta kawo ni."

Na sauko, ya zaro wata takardar kalanda daga aljihu ya warware. Hoton wani gini ne na ƙasar Turawa, na dutse, rufinsa a tsaye kamar an kifa littafi, ga doguwar hasumiya mai tsini, duk an lulluɓe shi da farin abu kamar auduga.

"Irin wannan muke so."

Na ce, "Akawu, in wannan kake so sai ka aika a turo maka magininsa da duwatsunsa da audugarsa."

Ya yi dariya har fensir ya faɗi. Ya ce to a bar hoton, amma abu biyu ba za su bari ba: ɗaki ɗaya babba da zai ci mutum sittin a kan benci, kuma ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, don kowa ya ga mai ja musu addu'a a gaba.

Ba ginshiƙi! Ku ba ku san nauyin wannan magana ba, ku da ke da rodi. Azara, wato tsagin itacen giginya da muke rufi da shi, in ta wuce kamu huɗu ba abin da ya tallafe ta, lanƙwasawa take yi. Ɗaki mai wannan faɗi ba ginshiƙi, ba abin da zai riƙe rufinsa sai bakan gizo, wato azara da ake ɗaurawa a lanƙwashe daga bango zuwa bango, kuma duk yankin nan mutum ɗaya aka yarda ya iya shi, Baba Ilu. Wurinsa Akawu ya fara zuwa, Baba ya ce gwiwarsa ta hana shi hawa tsani. Da na je na durƙusa na gaya masa zan karɓa, bai ko ɗago kai ba.

"Kai? Wanda zaure mai kamu shida ya fi ƙarfinsa? In ka karɓa, kada ka ambaci sunana a wurin."

Na karɓa. Me zan yi, in mutu a kan akurkin kaji?

Ranar jan igiyar harsashi, a nan na yi abin da na yi. A hannun Baba Ilu na taya gina masallaci tara. Ban taɓa sanin wani babban ɗakin ibada ba sai masallaci, cikin coci kuwa ko a mafarki ban taɓa shiga ba. Kuma in za a gina ɗakin ibada, abin da magini ke yi ɗaya ne: ya fito da sassafe, ya dubi mafitar rana, ya ɗan karkata hagu, ya kafa turke, ya ce ga alƙibla. Hannuna ya yi haka, kaina bai tambayi kowa ba. Da na zo tsakiyar bangon gabas sai na tuna an ce akwai mai tsayawa a gaba. To mai tsayawa a gaba ai ba a barinsa a fili kamar mai tallan goro. Na fitar masa da ɗan lungunsa mai zagayayyen baya, ya turo ciki waje kamu uku, yadda ake yi wa kowane liman. Mihrabi dai, cikakke. Har zane na yi masa a baki don in burge. A ƙofa na yi dakalin ajiye takalma, a gefe na yi gurbin tulu biyu.

Za ku ce ba wanda ya gani? Ai abin dariyar ke nan. Kaka na kamawa kamfanin gyaɗa ya janye Akawu zuwa Kano ya kula da lodin buhuna, ya yi wata uku bai leƙo ba. Direba kullum yana hanya. Malamin asibiti ya zo sau ɗaya, ya leƙa lungun, ya ce, "Madalla, ga wurin ajiye littattafai." Matar tela ta ce a'a, na tsintsiya ne. Mutanen gari kuwa ta yamma suke hango ginin, ba mai zagayawa baya. Bangon gabas hanyar jakai yake kallo, wadda masu kawo gyaɗa daga ƙauyuka ke bi.

Ni ma hankalina ba a kan lungu yake ba, yana kan baka. Uku na ɗaura, ƙafafunsu a bangon kudu da na arewa. Ga yadda ake yi: ka kafa azara a cikin bango, ta ɗan leƙo ciki, ka ɗaure ta da igiya tamau, ka lulluɓe da ƙasa, ka tafi ka bar ta ta bushe. Ka dawo ka ɗora wata a kanta, ita kuma ta ɗan fi ta ƙasa leƙowa. Haka ta dama, haka ta hagu, kullum kana ja da baya kana duba ko ɗaya ta riga ɗaya. In ka yi gaggawa ka ɗora a kan ɗanye, za ta sunkuya ba ka sani ba, sai ranar haɗuwa ka ga hannu biyu sun wuce juna. Leburorina sun gaji da ni, suna cewa Audu ya fi mai jego lallaɓa abu. Ranar da bakan tsakiya ya haɗu a sama, kai da kai, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba, na zauna a ƙasa na yi ta kallonsa. An kawo mini fura ban sha ba, daɗi ya riga ya cika mini ciki.

Wata Alhamis da azahar, kaka ta kusa ƙarewa, ina kan rufi ina shafa makuba, a wannan karon tun da wuri, sai na ji kiran salla a ƙarƙashina. Na ce ko rana ce ta taɓa ni. Na rarrafa na leƙo ta wajen indararo. Tabɗi! Raƙuma bakwai a durƙushe a gindin bangon gabas, jakai sun fi goma. Wani Buzu ya toshe kunne yana kwarara kira. Sauran sun kewaye garwar ruwan da muke jiƙa ƙasa suna alwala. Takalma kuwa an jera su reras a kan dakalina, kamar don su na yi shi. Kafin in sami tsani sun shige, wani tsoho mai rawani ya shiga lungun nan ya tsaya, ya ta da kabbara.

To ku gaya mini, wa zai shiga ya katse wa mutum ashirin salla? Na tsaya a bakin ƙofa, hannu duk makuba, gumi na zuba. Wallahi har zuciyata ta ce mini, kai ma fa ba ka yi azahar ba.

Da suka sallame, tsohon ya fito yana gyara rawani, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ka gina? Allah ya gina maka a Aljanna. Daga Agadas har nan ban ga irinsa ba. Sai dai ku sa tabarmi."

Bai rufe baki ba sai ga ƙarar keke. Akawu Yohanna ne, ya dawo daga Kano a ranar, ya ɗauro wani gicciye na katako a bayan keke, tsawonsa ya kai mutum, kafinta ya goge shi sai sheƙi yake. Ya jingine keke yana murmushi, ya ce, "Magini, ina za mu kafa?"

Tsohon ya dubi gicciye, ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya saki hannuna a hankali.

Kafin la'asar labari ya gama gari, kafin Juma'a ya kai Kabo. Wasu suka ce tunda an yi salla a ciki da liman da ladan, ai ya zama masallaci, sai mutanen Numan su nemi wani fili. Wasu suka ce raini ne, da gangan aka yi don a ruɗi Musulmi, a rushe. Akawu ya zagaya baya ya ga cikin da bangon ya turo, ya dawo ya zauna a kan dakalin takalma ya dafe kai.

"Malam Audu, me muka yi maka? Shekara huɗu muna roƙon filin nan."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har ta fi ta Mainika. Na ce, "Akawu, wallahi girmama limaminku na yi."

Dagaci ya sa ranar Asabar da hantsi za a zauna a gaban ginin. Ran Juma'a na tafi Durun wurin Baba Ilu, na tarar yana tufka igiya a zaure. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Na ji ka gina wa Kirista masallaci. Baɗi kuma sai ka gina wa Liman coci, aiki ya daidaita."

"Baba, ka taimake ni."

"Na ce kada ka ambaci sunana. Ga shi dagaci ya aiko a kai ni gobe a kan jaki, da wannan gwiwar, in je in ga abin kunyarka. Tashi ka ba ni wuri."

Ran Asabar gari ya fito kaf, har masu sikeli suka rufe. Aka shimfiɗa wa dagaci buzu a gindin wata tsamiya. Liman na damansa. Mutanen Numan na gefe guda da shugabansu, wani gajeren tsoho mai tabarau, Fasto Bitrus, wanda ke zuwa musu daga Kano wata-wata. A kan lorin buhuna ya zo, duk rigarsa ɓawon gyaɗa. Baba Ilu na zaune a kan turmi ya miƙe ƙafa. Ni ina tsakiya a durƙushe. Can baya kuma ga ƙarti biyu da diga a kafaɗa, su na fi kallo.

Dagaci ya fara da Liman. "Allah gafarta Malam, ɗakin nan ya zama masallaci ko bai zama ba?"

Liman ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, bai zama ba. Matafiya sun sami wuri mai tsabta sun yi salla, sallarsu ta yi. Amma masu ɗaki ba su ce sun bayar ba, kai kuma su ka ba fili. Ɗaki nasu ne." Ya ɗaga kai ya dubi zankwayen da na yi a kusurwoyi, ya yi ajiyar zuciya. "Sai dai in an tashi, a tuna namu yana yoyo, kuma daidai kaina."

Aka yi dariya, masu cewa a karɓe suka yi sanyi. Sai Fasto ya nemi izini ya shiga ya duba, don bai taɓa ganin ginin ba. Ya jima, ya fito yana goge tabarau.

"Ranka ya daɗe, ni ban ga kuskure ba. Manyan majami'unmu na da gabas suke fuskanta, kuma a gaba akwai lungu irin wannan, a nan ake ajiye bagadi, wato teburin da muke ibada a gabansa. A ƙauyenmu mun so a yi mana, ba mu sami mai yi ba. Muna son abinmu haka. Ni tambayata ma, wa ya koya wa maginin nan tsarin coci?"

Duk aka juyo aka dube ni. Na dubi ƙasa.

Baba Ilu ya ce, "Rashin tambaya ne ya koya masa."

Na ce a raina ko Allah ya fitar da ni. Sai dagaci ya ɗaga hannu.

"Na ji na Liman, na ji na Fasto. Amma ni baƙi nake ji. Duk kaka ayari zai biyo hanyar nan, duk wanda ya hango cikin nan a bangon gabas zai sauke kaya ya yi alwala. Wata rana ran Lahadi za su shigo su tarar da ku kuna waƙa, a yi abin da ba a so, ni za a kira Kano in yi bayani. Ɗaki naku ne. Amma lungun nan a sare shi, a daidaita bango."

Masu diga suka matso. Na ji tsoro ƙwarai, don na san da diga ta taɓa bangon nan a gaban wannan taro, ni da ginin soro sai a lahira. Akawu ya buɗe baki zai yi magana, Fasto ya dafa shi, don ba a musu da mai gari a kan filinsa.

Har ɗaya ya ɗaga diga, sai dagaci ya ce, "Dakata. Baba Ilu, kai ne babba a sana'ar nan. In an sare, rufin zai tsaya?"

Baba Ilu ya miƙe da ƙyar, ya dogara sanda. Da ya isa ƙofa sai ya tuɓe takalmansa ya ɗora a kan dakali, shi ma hannunsa ya riga kansa. Jama'a suka fashe da dariya, ya juyo ya harare su, aka yi tsit. Ya shiga. Muna jin sandarsa tana ƙwanƙwasa bango, nan, can, nan. Sai ƙarar ta ɗauke. Shiru, shiru, har dagaci ya aika a duba ko faɗuwa ya yi. Ɗan aike ya dawo ya ce yana nan tsaye a tsakiyar ɗaki, ya ɗaga kai sama.

Da ya fito ya sa takalmansa, ya zo ya tsaya gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, a sare. Amma a fara kwashe jama'a zuwa gaban sito. Masu digar kuma a nemo waɗanda ba su da iyali. Duk rufin nan a kan lungun nan ya jingina."

Ƙartin nan biyu suka dubi juna, suka ajiye diga a ƙasa a hankali, ɗaya ya ce shi 'ya'yansa biyar.

Ni kuwa, ni na ɗaura bakan nan, na san ƙafafunsu a kudu da arewa suke. Bangon gabas ba abin da yake ɗauke da shi sai kansa. Amma na haɗiye, na ci gaba da kallon ƙasa.

Dagaci ya shafa gemu ya ce to ba za a kashe mutane a kan lungu ba, kuma ba za a zubar da azara ɗari ba. A bar shi. Amma a yi wa ginin wata alama da ko raƙumi ya gani zai san ba masallaci ba ne. Nan take Akawu ya zaro takardar kalandarsa, ashe tana aljihu, ya nuna hasumiya. Liman ya leƙa ya ce, "Hasumiya kuma? Ai sai ladanai su yi ta hawa." Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan a yi ta, amma da tsini a kai yadda ba mai iya tsayawa, a kafa gicciye a bisa, a rataya ƙararrawa.

Hasumiyar a ranin nan na gina ta, kamu goma sha biyu, a kusurwar da ke kallon hanyar jakai. Ƙararrawa ba a samu ba, direba ya kawo ƙarfen ƙafar lori aka rataya. In aka buga shi ran Lahadi, jakan da ke hanya sai sun watsar da kaya, amma ba a sake yin alwala a wurin ba. Fasto ya sa bagadinsa a lungu, ya shige daidai kamar an auna. Dakalin takalma ya zama wurin zaman tsofaffi. Daga baya aka ɗora kwano a kan rufin, aka shafe bango da siminti. Da gyaɗa ta mutu yawancin mutanen Numan suka koma gida, wasu suka zo, malaman makaranta da 'yan sanda, suka ƙara ɗaki ta yamma da bulo irin naku, wanda ya tsage sau biyu ina gani. Bakan ukun nan kuwa suna nan. In kun bi ta hanyar za ku ga coci mai zanko, mai hasumiya, mai wurin liman, ba irinsa duk ƙasar Kano. Shekarar da ta biyo bayan ginin hasumiyar kuwa, ni aka ba rufin masallacin garin, Liman ya daina salla da ƙwaryar tarar yoyo a gefe.

Amma ban gaya muku yadda muka koma Durun ran Asabar ɗin ba. Baba Ilu na kan jaki, ni ina binsa a ƙasa, rana tsaka. Mun wuce gonaki uku, abin ya ƙi zama a cikina.

"Baba."

"Mene ne?"

"Ƙafafun bakan nan a kudu da arewa suke. Ko an sare lungun, ko ɓurɓushi ba zai zubo ba."

"Ni za ka koya wa? Tun daga bakin ƙofa na gani."

"To, Baba, me ya sa ka ce..."

Ya ja jaki ya tsaya. Bai juyo ba.

"Shekara hamsin ina gini ban taɓa yi wa basarake ƙarya ba. Yau ka sa na yi, ga Liman ga Fasto, ba ta inda zan ɓuya. Da niyyar samun aibi na shiga ɗakin nan, Audu, na nema sama da ƙasa ban samu ba. Bakan tsakiyar nan, ni ban ɗaura irinsa ba sai da na yi furfura. Ba za a kawo diga kusa da shi ina numfashi ba." Ya zunguri jaki. "Yanzu ka yi mini shiru, istigfari nake yi."

Haka muka shiga Durun, shi a gaba yana astagfirullah, ni a baya, ƙato da ni, ina kuka ina share hanci da hannun riga.